Wiwi da 'Yan Takara: Shirun Nan Ba na Tsoron Allah Ba Ne

A shekarar 2018 Omoyele Sowore, wanda ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar AAC, ya ce in ya ci zaɓe Najeriya za ta riƙa fitar da tabar wiwi ƙasashen waje ta sami kuɗin shiga. A Kaduna maganar ba ta wuce abin dariya a teburin mai shayi ba. Aka yi Allah wadai na kwana biyu, aka wuce wurin. Ni ma ban yarda da shawararsa ba, zan kuma faɗi dalilaina. Amma abu ɗaya ba zan hana shi ba: ya buɗe baki ya faɗi inda ya tsaya, mai zaɓensa ya sani, mai ƙinsa ya sani. Namu 'yan takarar fa? Daga mai neman kansila har mai neman Gidan Sir Kashim, fadar gwamnan Kaduna, in aka zo kan shaye-shaye magana ɗaya ce suka haddace: za mu yaƙi shaye-shaye, za mu sama wa matasa aikin yi. Ka ji ta a rediyo, ka ji ta a Dandalin Murtala, ka ji ta a ƙofar hakimi. Ba mai tsayar da su ya ce, "Ranka ya daɗe, da me za ka yaƙe shi? Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu, gidan yari za ka kai shi ko asibiti?"

Mutane na ɗaukar wannan gum da baki a matsayin kamun kai, wasu ma su ce tsoron Allah ne. Ni ban ga haka ba. Ɗan takara ya san cewa a garin nan, ko ta wane gefen kogi ya tsaya, duk wanda ya ambaci wiwi bai haɗa da tsinuwa ba, liman zai taɓa shi ranar Juma'a, fasto ya ƙarasa shi ranar Lahadi. Sai ya zaɓi abin da ba ya cin ko sisi: ya la'anci abin a bainar jama'a, ya kauce wa duk alkawarin da za a iya binsa bashinsa gobe. Mu kuma mu tafa.

Abin da ake yi wa shirun kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da sigari. A cikinsu miliyan 10.6 wiwi suka sha, adadin da ya fi yawan mutanen ƙasar Togo baki ɗaya. Arewa maso Yamma kaɗai tana da masu shaye-shaye kimanin miliyan uku. Ba ma sai an kawo wa ɗan Kaduna takarda ba. Wanda ya taɓa bi ta bayan makarantar firamare da magariba, ko ta gefen wani kangon gini, ko ta bakin kogi, ya san warin. Kuma warin ɗaya ne a Tudun Wada da Sabon Tasha, a Rigasa da Kakuri, a Kawo da Television. Wannan na cikin abubuwan da gadar Kaduna ba ta raba ba.

Ba don dokar ta yi sanyi ba ne. A 1966 gwamnatin soja ta Aguiyi-Ironsi ta kafa doka kan wiwi da ta tanadi kisa, ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, ga wanda ya noma ta. A watan Afrilun 1985, zamanin mulkin soja na Buhari, aka harbe mutum uku a Legas kan hodar iblis. A ƙarshen 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, dokarta kuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da irin waɗannan kayan maye a hannunsa. A watan Mayun 2024 ma Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar a riƙa kashe masu fataucinsu. Kusan shekara sittin ana ƙara tsanani, gonakin dazukan Ondo da Edo da Delta da Osun na nan ana nomawa, sinƙi-sinƙi na hawa motoci yana biyo hanyar Lokoja zuwa Abuja, ya shigo Kaduna, wani ya sauka nan, wani ya wuce Zariya da Kano. Ana kamawa, ana ƙonawa a gaban 'yan jarida, amma ban taɓa jin mashayi ya ce ya nema ya rasa ba.

A nan ne hujjar masu cewa a halatta take da ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba ta da shi. Suna cewa: tunda an kasa hanawa, kuɗin da ke shiga aljihun dila da mai karɓar na goro a shingen hanya ya shiga baitulmali, a sa shekarun da za a iya saye, a san abin da ke cikin ƙullin, a bar 'yan sanda su fuskanci masu garkuwa da mutane. A wasu ƙasashen da wannan magana ake neman ƙuri'a. Justin Trudeau ya yi alkawarin halattawa da kafa ƙa'ida a zaɓen Kanada na 2015, ya ci, ya cika a watan Oktoban 2018. A zaɓen Amurka na 2024 Kamala Harris ta ce tana goyon bayan halattawa a matakin tarayya, Donald Trump kuma ya ce zai kaɗa ƙuri'ar amincewa a Florida, inda ƙudurin ya sami kusan kashi 56 cikin ɗari amma ya faɗi saboda ana bukatar 60. A nan nahiyarmu, Farfesa George Wajackoyah ya tsaya takarar shugabancin Kenya a 2022 yana cewa da kuɗin wiwi zai biya bashin ƙasar. Ya ja taro, ya cika kafafen labarai, ranar zaɓe bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Amma wadda ta fi dacewa mu tsaya mu duba ita ce Tailan, don ta fi kama da mu a kan Kanada. Anutin Charnvirakul ya yi yaƙin neman zaɓen 2019 da alkawarin wiwi za ta zama amfanin gonar talaka. Jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin haɗaka, aka ba shi ministan lafiya. A watan Yunin 2022 aka cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi, gwamnati har da shelar raba tsiro miliyan ɗaya kyauta. Sai dai an buɗe ƙofar ne kafin majalisa ta zartar da dokar da za ta tsara wa zai sayar, a ina, ga wa. Cikin ƙanƙanin lokaci dubban shaguna suka ɓulla, iyaye da likitoci suka yi ta kuka, a watan Yunin 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Shekara uku kacal. Alkawarin zaɓe ya yi gaba, tsari yana baya yana ɗingishi, kuma duk wanda ya san yadda ake aiki a ƙasar nan ya san haka namu zai kasance, in ma bai fi ba.

Shi ya sa in ɗan takara ya ce mini a halatta a kuma sa ƙa'ida, abin da nake so in ji shi ne wa zai tsare ƙa'idar. Muna da dokar taƙaita shan taba tun 2015. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Ka aiki yaro ɗan shekara bakwai wurin mai tebur da naira hamsin ka ga ko zai dawo hannu rabbana. Tiramol magani ne halastacce, ƙarfin da aka yarda da shi miligiram 50 ne da 100, sai da takardar likita. Wanda ke yawo a aljihun 'yan acaba da leburori mai 225 ne. Maganin tari mai kodin shi ma da lasisi aka san shi, a kamfanonin da gwamnati ta yi wa rajista ake haɗa shi, amma sai da binciken BBC na 2018 ya tona yadda katan-katan ke fita ta bayan gida kafin aka hana shi. Waɗannan duk kayan da ke ƙarƙashin ƙa'ida ne. Gwamnatin da ta kasa hana kemis ɗin unguwa sayar wa matar aure kwalbar kodin ba ita za ta tsaya ƙofar shagon wiwi tana duba katin ɗan ƙasa ba. Kanada ta iya ne don tana da mai dubawa, da ɗakin gwaji, da kotun da za ta rufe shago a ƙwace lasisi, kuma duk da haka sai da aka ɗauki shekaru kafin masu lasisi suka rinjayi dilolin bayan fage.

Ga kuma abin da masu cewa "ai ganye ne" ba sa son a taɓo. Wiwin yau ba ta zamanin kakanninsu ba ce. Abin da ke sa maye a cikinta, wanda masana ke kira THC, an yi ta ƙara masa ƙarfi ta hanyar zaɓen iri, ga wadda ake shigowa da ita daga waje da yara ke kira laud, ga kuma kolos wadda galibi ganye ne kawai da aka fesa wa sinadari. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare goma sha ɗaya a Turai da Birazil, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfin kullum kuma kusan sau biyar. Ba kowane mashayi ne ke haukacewa ba, ƙarya ce a ce haka, yaran ma sun san ƙarya ce, shi ya sa ba sa sauraron wa'azin da ya fara da ita. Amma wanda ya fara da ƙuruciya, ya lizimta, a gidansu kuma akwai mai irin larurar, yana wasa da ƙwaƙwalwarsa. In ta taɓu ina za a kai shi? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na Kaduna kaɗai ba ne, daga jihohin maƙwabta ake kawo masa marasa lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, waɗanda ake da su ma jirgi na kwasarsu zuwa Ingila da Saudiyya.

Sai batun haraji, wanda ya fi komai daɗi a bakin mai neman ƙuri'a. A Kolorado ta Amurka an sayar wa jama'a da ƙudurin ne da alkawarin dala miliyan 40 na farko na harajin kowace shekara za su tafi ginin makarantu, kuma kuɗi sun shigo, ba a musun wannan. Amma harajin wiwi na da wata matsala a jikinsa. In ka tsawwala shi, mashayi ya koma wurin tsohon dilansa da ba ya biyan kowa. Kalifoniya sai da ta soke harajin noman a 2022 saboda kasuwar bayan fage ta ƙi mutuwa. In ka sassauta shi, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, shan kuma ya ƙaru. Mafi muni, galibin cinikin kayan maye ba daga mai sha jefi-jefi yake fitowa ba, daga wanda ya kamu ne, mai sha safe da yamma. Ke nan baitulmali zai wayi gari yana da riba a cikin kamuwar 'ya'yan mutane. A jihar da ake bin mai kayan miya da rasit, ban amince in ga ranar da jami'in tara haraji zai zauna yana lissafin yadda cinikin wiwi zai ƙaru baɗi ba.

(Mu 'yan Arewa muna da wani tsohon miki a nan da ba mu son a fama. Ana fasa kwalaben giya a Kano da rana tsaka, harajin VAT na giyar kuma yana shiga tukunya ɗaya a Abuja a raba da mu duk wata. 'Yan Kudu sun daɗe suna yi mana gori da wannan. In aka halatta wiwi a tarayya, kason harajinta zai iso Kaduna ko mun so ko mun ƙi, kuma zan so in ji ɗan takarar da zai ce zai mayar.)

Akwai masu cewa su ba shan cikin gida suke nufi ba, noma don magani da fitarwa waje suke so. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya fi kowa tsayawa kan wannan. A 2019 har Tailan ya je tare da shugaban NDLEA na lokacin, ya dawo yana kira ga Gwamnatin Tarayya ta ba da dama. Shi dai ana iya fahimtarsa, a dazukan jiharsa ake noma abin, yana ganin ana sare itatuwa ana shuka shi ba tare da ko kwabo ya shigo masa ba. Amma manomin Kaduna me zai samu? Lesotho ce ta fara ba da lasisi a Afirka a 2017. Kuɗin lasisin da sharuɗɗan masu saye na Turai suka fi ƙarfin ƙaramin manomi, kamfanoni masu jarin waje suka kwashe, shi kuma ya ci gaba da nomansa a ɓoye kamar da. Mu nan muna da citta a Kachiya da Jaba da Kagarko, halastacciya, wadda duniya ke nema ido rufe. Har yau a busasshiya muke loda ta a buhu wasu su sarrafa su ci ribar, da cuta ta faɗa mata a daminar 2023 kuma manoma suka tafka asarar da wasu ba su farfaɗo ba. Masaƙun Kakuri da za a ce za su sayi zaren tsiron sun daɗe da yin shiru. A dajin Birnin Gwari kuwa, inda a shekarun nan manomi sai ya biya ɗan bindiga kafin ya girbe masararsa, wa ake jin zai mallaki gonar wiwi mai lasisi?

Batun magani kam gaskiya ne, ba na jayayya da shi. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga tsiron don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar sha'ani. A watan Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin mafi haɗari da ƙuri'a 27 da 25, Najeriya na cikin waɗanda suka ce a'a. Maroko, ƙasar Musulmi, ta yi doka a 2021 ta yarda a noma don magani da masana'antu a yankin duwatsun Rif kaɗai, inda dama can shi suka gada, shan nishaɗi kuma yana nan a haramce. In likita a asibitin koyarwa na Shika yana bukatar irin wannan magani ga yaro mai farfaɗiya, a shigo masa da shi ta hanyar da ake shigo da allurar kashe zafi mai ƙarfi, a kulle a kabad, a rubuta duk wanda aka ba. Wannan ba ya bukatar shago a Kasuwar Barci.

To, na ce a'a ga kasuwa, na ce a'a ga haraji. Da a nan zan tsaya, da ban bambanta da 'yan takarar da nake zargi ba, don a'a ɗin nan ita ce mafakarsu. Abin da suke gudu shi ne tambayar da ke bayanta: mashayin fa?

Wata maƙwabciyarmu, bazawara mai sayar da ƙosai, ta taɓa tare ni a ƙofar gida bayan an kama ɗanta da ƙulli biyu. Ta sayar da abin da za ta sayar ta karɓo shi, bai yi sati ba ya koma. Ta ce, "Malam, don Allah ina zan kai shi? Na gaji da biyan kuɗin beli." Na ce, "Hajiya, asibiti ya kamata." Ta ce, "Da wane kuɗin?" Wannan ita ce siyasar wiwi a Kaduna kamar yadda talaka ya san ta. Ɗan mai hali in aka kama shi, waya ɗaya ce, daga nan a kai shi gidan gyaran hali mai tsada a Abuja a ce wa dangi ya tafi karatu. Ɗan mai ƙosai kuwa ko dai uwarsa ta biya, ko ya shiga gidan yari ya zauna cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar nan. Ya shiga yana mashayi, ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi wata shida, ya fito da sabbin abokai da tambarin da ba mai ba shi aiki ko mata.

In an manta, a tuna watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Duniya ta yi ta yaɗa hotunan, muka ji kunya, aka bi sauran irin gidajen aka rufe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Sun duba gabas da yamma ne ba su ga inda za su kai yaron da ya fi ƙarfinsu ba. An rufe gidan mari, bukatar da ta haife shi tana nan.

Tsakanin buɗe shago da ɗaure mashayi akwai fili mai faɗi, kuma wasu sun shige shi. Tun 2001 Fotugal ta daina kai wanda aka kama da abin shansa na 'yan kwanaki kotun laifi. Kayan na nan a haramce, ana ƙwacewa, dila na zuwa kurkuku, shi kuma mashayin ana tura shi gaban wani kwamiti mai ma'aikacin lafiya da na jin daɗin jama'a. In an ce wannan Turai ce, ga Ghana nan kusa: dokarta ta 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka kama da na shan kansa tara maimakon ɗauri. Abin da nake so ke nan a nan. Dila da manomi da mai shigowa da ita daga waje su ɗanɗana kuɗarsu. Yaron da aka kama da ƙulli a kai shi wurin mai duba lafiyarsa, a kira mahaifinsa da mai unguwa, a sa masa ido, in ya kamu a yi masa magani.

Na san abin da wani malamin zai ce: sassauci izini ne. Allah ya gafarta Malam, ba a taɓa haramcin ba. Hadisi ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haram ce, ban ga Musulmin kirki da ke neman a canza wannan ba, Kiristocin garin nan ma ba su ce a canza nasu ba. Abin da ake magana a kai shi ne hukuncin da gwamnati ta rubuta, kuma shekara 15 a kurkuku ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, dokar soja ce. Wanda ya rubuta ta mutum ne, ana iya tambayarsa ko ta yi aiki.

Wa za a tambaya? Nan ma ana yi mana wasa da hankali. A tsarin mulkin 1999 sha'anin magunguna da guba na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, shari'arsu kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Gwamna ba ya iya halattawa, ba ya iya rage shekarun ɗauri. Shi ya sa Akeredolu ya ƙare da roƙo. Masu wuƙa da nama su ne sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai 16 da jihar nan ke turawa Abuja. Kuma maganar ta riga ta je gabansu: Miriam Onuoha daga Imo da Benjamin Kalu daga Abiya sun kai ƙudurorin ba da damar noma don magani, a watan Maris na 2023 aka yi ta cacar baki a zauren wakilai aka jingine batun. Irin wannan ƙuduri yana iya dawowa kowane lokaci. Wanda ke neman mu tura shi ya faɗa mana tun yanzu hannun da zai ɗaga, ya kuma faɗa mana ko zai kai nasa ƙudurin da zai raba mashayi da dila a wurin hukunci.

Mai neman gwamna kuma kada ya ɓuya a bayan Abuja. Magani nasa ne. Jihar na da hukuma ta musamman kan shaye-shaye, KADBUSA da aka kafa zamanin El-Rufa'i, wadda daga baya aka faɗaɗa ta koma KADSAMHSA ta haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wannan abin a yaba ne, jihohi da yawa ba su da irinta. Amma hukuma da allon suna ba ta warkar da kowa sai da kuɗi. Jihar na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Ya faɗa mana nawa zai sa mata a kasafi, nawa zai saki, a asibitoci nawa uwa daga Ikara ko Sanga za ta sami wanda zai duba ɗanta ba sai ta yi kuɗin mota zuwa Barnawa ba. Lamba muke so, wadda za a iya ɗauko ta bayan shekara huɗu a karanta masa a rediyo.

Akwai kuma dalilin shirun da ya fi duk waɗannan muni, wanda kowa ya sani. Ka tsaya gefen titi ranar da babban ɗan takara zai fita kamfe, ko na wace jam'iyya ne. Ka dubi motocin da ke gaba da na ƙarshe, yaran da ke zaune a kan tagogi da gora da adda, idanu jajur, murya ta dushe. Ba da shayi suka yi wannan cajin ba. Akwai wanda aka ba kuɗin "yara" tun daren jiya, ya san dilan da zai je wurinsa, ya san nawa ne na wiwi nawa ne na ƙwaya. Mai gidan yana kan mumbari yana cewa zai yaƙi shaye-shaye, hayaƙin na tashi a bayan rumfar. Bayan zaɓe a watsar da su, su koma unguwa da jarabar da aka ƙara musu da makamin da aka saya musu, mu kira su 'yan sara-suka, mu nemi a harbe su. Mutumin da ke bukatar yaro a buge ranar zaɓe ba zai so a yi doguwar magana kan yadda za a raba yaron da abin ba.

A 2022 shugaban NDLEA, Buba Marwa, ya nemi jam'iyyu su riƙa yi wa masu neman takara gwajin ƙwaya, a Kano ma an yi wa masu neman kujerun ƙananan hukumomi, wasu suka faɗi. Ba laifi, a yi. Sai dai fitsarin mai gida zai iya fitowa fes, don shi ba ya sha, saya yake yi. Sashe na 227 na tsarin mulki ya hana kowace ƙungiya ɗaukar mutane ko shirya su don nuna ƙarfi a harkar siyasa, dokar NDLEA kuma ba ta tsaya kan mai sayarwa ba, ta haɗa da mai rarrabawa ko da kyauta ya bayar. In hukumar na son kamun da zai girgiza garin nan kafin zaɓen 2027, ta bar bayan makarantar firamare na kwana ɗaya, ta tsaya a hanyar shiga filin taro ta buɗe but ɗin motocin rakiya, ta kuma bi kuɗin har zuwa wanda ya bayar.